Ya Jikin Hajiya?

Makon jiya ɗaya daga cikinku, ku sababbin da kuka zo koyon aikin nan, ya ce mini wai ai wannan ba aiki ba ne, ɗaga waya ne kawai a ce wa mutum ya daina caca. Ban ba shi amsa ba a lokacin saboda bakina cike yake da shayi. Yanzu na haɗiye, kuma na ce bari in rubuta muku, tunda ku ba ku yarda da magana sai kun gan ta a fuskar waya.

Sunana Sule, mutumin Funtuwa. Tuƙi ne ya kawo ni Doha, kuma na yi shekaru ina jan bas ɗin ma'aikatan wani asibiti kafin in tsinci kaina a wannan ɗan ɗaki na unguwar Aziziya, bayan shagon wanki da guga, ina amsa kiran 'yan'uwanmu da cacar ƙwallo ta riƙe wa wuya. Kun san doka ta hana caca a ƙasar nan, ba za ku ga shagonta ko ɗaya ba. To amma waya tana aljihun kowa. Wanda ya iya zagaye dokar ya zagaya, wanda bai iya ba ya tura wa wani a gida ya buga masa. Mai gadi yana tsaye awa goma sha biyu a bakin ƙofa, ba mai ce masa ci kanka, abokin hirarsa kawai ita ce wayar. Daga duba sakamakon wasa ake farawa.

Wadda ta koya mini aikin ba Bahaushiya ba ce, ba ma 'yar Afirka ba ce. Madam Sela muke ce mata, ma'aikaciyar jinya ce a asibitin nan, 'yar wani tsibiri can tsakiyar tekun Pasifik. Kafin ta zo nan ta daɗe a New Zealand tana amsa waya irin wannan, wadda aka buɗe don mutanen tsibiransu. Mace ce ƙatuwa mai yawan dariya, kujerar bayan direba ce wurinta, kuma daga asibiti har masauki ba ta barin kunnena ya huta. Wata Asabar za mu fita sai mai gadin ƙofa ya ƙura wa wayarsa ido, bai ga bas ba sai da na danna hon sau biyu. Ta taɓa kafaɗata ta ce, "Sule, wannan ba kallon ƙwallo yake yi ba. Mai kallon ƙwallo yana murna ne ko yana zagi. Wannan addu'a yake yi."

Daga nan hira ta ɓarke. Ta ce mutanensu ma ba sa cin albashi su kaɗai, akwai uwa, akwai ƙanne, akwai gudummawar biki da ta mutuwa, kuma in mutum ya faɗi ba shi kaɗai ya faɗi ba, sunan gidansu ne ya zube. Ta ce wayar da Turawa suka fara buɗe musu ba ta yi aiki ba, saboda kana bugawa za a ce maka mene ne matsalarka, su kuwa sai su kashe. Na ce mata ai kamar da mu take, Bahaushe ko ɗakinsa ne ke cin wuta, in ka tambaye shi sai ya fara ce maka lafiya lau. Muka kai maganar gaban dattawan ƙungiyarmu ta Hausawan Doha, aka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe aka ba mu ɗakin nan da layi guda. Ita kuma ta ɗauki alkawarin zuwa duk ranar hutunta ta zauna kusa da ni.

Kiran farko da na amsa a gabanta na wani direban tifa ne daga Sanaiya, unguwar masana'antu da masaukan leburori. Ya ce ya zubar da albashin wata a kwana biyu. Ni kuwa na gyara murya, na kawo masa aya, na kawo hadisi, na tuna masa kabari, na haɗa da labarin wani kawuna da karta ta raba shi da gonarsa. Minti ashirin ina zuba. Ya ce, "Na gode Malam," ya kashe, kuma har yau bai sake kira ba. Na juya ina jiran yabo. Madam Sela ba ta jin Hausa ko ta sayen ruwa, amma ta ce mini, "Ban san abin da kuka ce ba. Abin da na gane shi ne kai ka fi shi damuwa, tunda kai ka yi ta magana." Na ji haushi ƙwarai, kuma abin da ya ƙara mini haushin shi ne gaskiya ta faɗa. Mutumin nan ya san caca haramun ce tun kafin a haifi wasunku. In wa'azi yake so masallaci yana kusa da ɗakinsa, ba sai ya ƙona katin waya ba.

Ita ce ta hore ni da yin shiru. Ta ce in mutum ya tsaya da magana kada in cike gurbin, in ƙirga goma a zuci tukuna. Ni ƙirga a zuci ba ta riƙe bakina, sai na ɗauko carbi. Shi ya sa kuke ganinsa a kan tebur. Mutum ya yi shiru, in ja ƙwaya goma, kuma sau da yawa kafin in kai ta bakwai ya faɗi abin da ya sa shi kiran.

Sauran kayan aikin ba su da yawa. Akwai wayar, 'yar ƙarama mai madannai, wadda ba ta nuna hoton kowa. Akwai filas na shayi, don maƙogwaro yana bushewa ko da kai mai saurare ne. Akwai littafin da ba a rubuta suna a cikinsa, sai alama irin su mai tari ko mai gonar albasa. Sai kuma jadawalin wasanni da ke manne a bango, wanda kuka yi wa dariya ranar farko. Ni ban san bambancin bugun kusurwa da fenariti ba, kuma ban damu in sani ba, amma na san ƙarfe nawa ake take kowane wasa. Kasuwarmu tana ci ne ranar Asabar tsakanin la'asar da magariba. Wanda yake son ya daina, a wannan lokacin hannunsa ke ƙaiƙayi. Da wayar da yake buga cacar yake kiranka, kuma muddin dattijo yana kan layi kunya ba za ta bar shi ya riƙa latse-latse ba. Sai ka ja shi da hira. Ka tambaye shi yadda ake dashen albasa, ka bar shi ya koya maka, ko da ka fi shi sani. Na taɓa sauraren wani yana bayyana mini yadda ake gyaran giyar tifa har aka tashi daga wasa, ban fahimci komai ba, amma albashinsa ya kwana a aljihunsa.

Abu biyu za su ba ku wahala saboda a jininmu suke. Na farko, kada ku tambayi mutum garinsu. Mu da mun ji Hausa a bakin wani sai mu hau shi da wane gari, wace unguwa, ɗan gidan wa, har sai mun gano cewa kakarsa ta taɓa sayar wa kakarmu daddawa. A wayar nan kana tambayar unguwa ya tafi. Na biyu, kusan kowa zai ce muku wani abokinsa ne ya aiko shi. Ku karɓi abokin nan hannu biyu, ku riƙa tambayar lafiyarsa. Riga ce mutum ya sa don ya iya tsayawa a gabanku, kuma ba aikinku ba ne ku tuɓe masa ita.

Duk wannan na iya shi, har na fara jin kaina gwani, sannan na yi kuskuren da ya kusa rufe ɗakin nan.

Mutumin bari mu kira shi Alhaji Bala. Ba sunansa ba ke nan. Ya koma gida yanzu, kuma shi da bakinsa ya ce in riƙa ba sababbi labarin in dai na sauya masa suna. Shugaban masu gadi ne a wani rukunin gidaje, dattijo mai furfura a gemu, wanda ake kai wa ƙara in samari sun saɓa, wanda ke tarbar baƙo ya nuna masa inda ake sayen garin tuwo. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci mukan haɗu mu kamar goma a wani ɗan gidan abinci bayan kasuwar Souq Waqif, a kawo mana babban tire na shinkafa da kaza, kuma ba a sa hannu sai Alhaji Bala ya sa.

Ranar da ya fara kira, tun a gaisuwa ta biyu na gane shi. Yana da wata al'ada ta gyaran murya ya ce "to madalla" kafin kowace magana. Shi ma ya san ni ne, don duk garin nan an san wanda ke riƙe da wayar. Amma ya ce, "Malam, wani abokina ne ya ce in tambayar masa wani abu." Na ce masa abokin ya yi dace da ya samu mai tambayar masa. Haka muka ɗaura, ya san na sani, na san ya san na sani, kuma ba wanda ya nuna.

Abokin nan, in ji shi, wani ƙaramin ma'aikacinsa ne ya nuna masa abin da wasa, ya sa 'yan kuɗi kaɗan, ya ci. Wannan cin na farko shi ne masifar. Mahaifiyarsa tana gida, yanar ido ta rufe mata gani, likita ya ce aikin mai sauƙi ne amma kada a ja lokaci. Sau biyu yana tara kuɗin aikin, sau biyu yana cewa bari ya ninka su a kai ta asibitin da ya fi kyau, sau biyu ƙungiyar ƙwallo ɗaya tana yanka masa tikiti kuɗin su salwanta. Ƙanwarsa da ke jinyar tsohuwa ya ce mata kamfani ne ya riƙe albashi. A nan kuwa bai gaya wa kowa tsohuwar ba ta da lafiya ba, don ya san tambayar da za ta biyo baya, wato me ake jira, Alhaji, ga ka da aiki mai kyau?

Muka yi watanni a haka. Duk Asabar da la'asar sai ya kira, mu yi hirar noman gero da tsadar taki har a tashi wasa. Abokin ya yi wata biyu bai buga ba, kuɗin aikin ido sun kusa cika karo na uku. Wata Asabar ya ce mini tsohuwar ta yi tuntuɓe da dokin ƙofa tana riƙe da buta, ta faɗi, don yanzu inuwa kawai take gani. Na ja carbi goma, na ƙara goma, muka rabu a kan cewa ƙarshen wata za a tura kuɗin.

Juma'ar da ta biyo na iso gidan abincin a makare, kowa ya zauna. Na bi su da hannu ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan Alhaji Bala na riƙe hannunsa na fara jero gaisuwa yadda aka koya mini tun ina ƙarami, ya gida, ya iyali, ya aiki, ya zafi, sai kawai na ji bakina ya ce, "Ya jikin Hajiya?"

Ban yi niyya ba. A gidanmu in ka san tsohuwar mutum tana kwance ka gaishe shi ba ka tambayi jikinta ba, ba ka da tarbiyya. Shekara hamsin bakina yana wannan aikin, bai tsaya ya tambaye ni ta ina na ji ba.

Akwai wani Awudu a cikinmu, ɗan zangon Kumasi, mai tura baro a kasuwar, mutumin kirki amma bakinsa ba linzami. Ya ajiye kofin ruwa ya ce, "Ah, Alhaji, tsohuwa ba shi da lafiya ba ka gaya muna ba? To Malam Sule, kai ina ka ji? Ko Alhaji ma ya fara buga layin 'yan bet ne?"

Aka kwashe da dariya, don ba wanda ya ɗauki abin da gaske. Alhaji Bala ma ya yi murmushi ya ce, "Tsufa ne kawai, da sauƙi. Yalla, bismillah." Amma ya zare hannunsa daga nawa a hankali, kuma loma uku ya yi ya ce ana jiransa a wurin aiki. Na ga wasu mutum biyu a bakin tiren sun sunkuyar da kai ba su yi dariya ba. Su ma na san muryoyinsu. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Asabar ta zo, na cika filas, na zauna. Bai kira ba. Su biyun nan ma ba su kira ba. Ban san yadda magana take tafiya a Sanaiya ba, amma cikin wata guda wayar nan ta koma kamar dutse. Da a rana mukan samu kira biyar ko shida, sai ga shi ina wuni ina kallon mai guga ta taga. Wasu dattawan ƙungiya suka fara cewa a mayar da ɗakin ma'ajiyar kujeru. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne lokacin ya zo daidai da gabatowar gasar ƙwallon duniya da aka yi a garin nan, wadda za a riƙa wasa kullum, wani tun da azahar. Na san kuɗin idon tsohuwa suna cikin wayar Alhaji Bala, kuma na san ba shi da wanda zai yi wa hirar gero.

Ƙa'idar aikin ita ce ba ka kiran mutum, shi ke kiranka. Zuwa wurinsa kuwa ya fi muni. Aika wani ya ba shi haƙuri, yadda muke yi a gida, shi ne tona asirin gaba ɗaya. Na rasa ta yi, sai na kai kukana wurin Madam Sela, ba tare da na ambaci suna ba. Ta saurare ni, ta yi shirun nan nata mai ban haushi, sannan ta ce a tsibirinsu in mutum ya yi wa wani babban laifi, yakan je ƙofar gidansa da sassafe ya zauna a ƙasa ya lulluɓe kansa da tabarma, rana ta dake shi, kowa yana wucewa yana ganinsa, ba zai tashi ba sai mai gidan ya fito ya yaye masa ita.

Na ce, "Madam, in na je ƙofar mutumin nan da tabarma a ka, kafin azahar an ɗauke ni hoto, kafin la'asar 'yan sanda sun zo."

Ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Ba tabarmar ce maganar ba, Sule. Kai ka ba shi kunya a gaban mutane, sai ka nemi hanyar da kunyar za ta dawo kanka a gaban mutanen nan."

Kwana uku ina juya maganar, sai dabara ta zo mini ina tsaye a danja. Juma'a na je da wuri. Duk wanda ya shigo sai in riƙe hannunsa da kyau in ce, "Ya gida, ya aiki, ya jikin Hajiya?" Ba ƙarya na yi ba, tambaya ce. Kuma wa ke ƙasar waje da ba shi da wata tsohuwa mai ciwon gwiwa a gida? Na farko ya ce da sauƙi, yana mamakin yadda na sani. Na biyu ya ce ai tasa garau take, jiya ma ta je suna. Da Awudu ya iso na yi masa, ya buɗe baki ya ce, "Malam, tsohuwana ya rasu shekara ashirin!" Na ce Allah ya jiƙanta, to ya jikin Hajiyar gidan? Ya ce bai yi aure ba. Aka yi dariya har mai gidan abincin ya leƙo.

Ban tsaya nan ba. Na yi wa mai shayi, na yi wa mai aski, na yi wa wani Basudane da muke sallah sahu ɗaya. Kafin wata ya ƙare an daina ce mini Malam Sule, sai Malam Ya-jikin-Hajiya. Samari suna hango ni za su fara, "Da sauƙi Baba, da sauƙi," tun ban buɗe baki ba. Aka yanke hukunci cewa tsufa ne ya fara taɓa ni, har wani ya kawo mini zuma da habbatus sauda wai suna gyara ƙwaƙwalwa. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi mini ciwo. Ni mutum ne mai son girmana, kuma ban bar Funtuwa don in zama abin wasan yara ba. Amma maganar Awudu ta ranar nan ta narke, kowa ya ɗauka ashe dama haka nake yi wa kowa.

Alhaji Bala yana zuwa Juma'a, yana kallon duk abin da ake yi. In na zo kansa ina yi masa tambayar kamar kowa, shi kuma ya ce "lafiya lau" a taƙaice, bai ko dube ni ba. Wayar ta fara motsi kaɗan-kaɗan, mutum biyun nan suka dawo, amma shi shiru. Aka fara gasar, gari ya cika da baƙi da tutoci, na kuwa riƙa zama a ɗakin nan tun hantsi.

Rana ta biyar, saura kamar rabin awa a take wasan la'asar, wayar ta yi ƙara. Na ɗaga na yi sallama. Aka yi gyaran murya.

"To madalla. Malam, abokin nan nawa ne."

Na ce, "Allah sarki, kwana biyu. Yana lafiya?"

"Ba lafiya ba. Ya taɓa kuɗin. Ba duka ba, amma ya taɓa. Yanzu haka abin yana buɗe a gabansa, an ce masa wasan yau ba ya faɗuwa."

Na ja carbi. A ƙwaya ta takwas ya ce, "Abin da ya rage zai isa ido ɗaya."

Na ce, "Alhaji..." sai na kama bakina, na ce, "Ɗan'uwa, ido ɗaya yana ganin dokin ƙofa."

Sai na ji wata 'yar dariya ta fita ta hancinsa. Na tambaye shi ko akwai wurin tura kuɗi kusa da abokin. Ya ce akwai, tafiyar minti goma a ƙafa. Na ce to ni ba inda za ni, shayina ma yanzu na zuba, in abokin zai taka sai mu raka shi. Na ji ƙarar kujera, na ji ya ce wa wani ya riƙe masa ƙofa. Muka kama hanya, shi a titi, ni a kujera. Na tambaye shi wane irin gero ne ya fi jure ƙarancin ruwa, ya hau yi mini bayani yana haki, motoci suna ta hon, 'yan kallo suna ta busa. Da ya shiga wurin ya ce, "Abokin yana kan layi, saura mutum shida." Can ya ce saura huɗu. A mutum na biyu aka take wasa, na ji ihu daga talabijin ɗin wurin, na ji numfashinsa ya sauya. Na ce masa ban gane bambancin maiwa da dauro ba, ya taimaka ya sake mini bayani. Ya ce, "Haba Malam, kai fa ɗan Funtuwa ne," amma ya sake. Sai na ji yana karanta wa ma'aikacin sunan ƙanwarsa harafi bayan harafi, na ji an buga hatimi.

Ya ce, "Khalas, an gama. Sun tafi."

Daga ranar muka tsara cewa duk ranar albashi zai kira ni mu yi wannan tattakin tare, kafin kuɗin su kwana. Ya sake zamewa sau ɗaya bayan nan, ya kira ya faɗa, muka ci gaba. Kada wani ya ce muku ana warkewa rana ɗaya. Wanda kuma kuka ji abin ya fi ƙarfin hira, ba ya barci, ba ya cin abinci, yana maganar gajiya da duniya, wannan na likita ne, kuma lambarsa tana manne ƙarƙashin jadawali.

Bayan kamar mako shida muna bakin tire ranar Juma'a, na bi layi ina gaisuwata, samari suna amsa mini da "da sauƙi Baba" suna ƙyafta wa juna ido. Na zo kan Alhaji Bala na ce, "Ya gida, ya aiki, ya jikin Hajiya?" Ina shirin wucewa sai na ji ya riƙe hannuna bai saki ba. Ya yi gyaran murya.

"To madalla. Tunda ka tambaya, Malam, an yi mata aikin ido ranar Talata. Jiya aka cire bandeji. Ƙanwata ta kira ni ta bidiyo ta miƙa mata wayar." Ya ƙara damƙe hannuna. "Shekara huɗu rabon da ta ga fuskata. Ta dube ni ta dube ni, sai ta ce, wane ne wannan tsohon?"

Wurin ya kaure da dariya da barka. Awudu ya buga cinya ya ce, "Kun gani? Yau dai tambayar Malam ya faɗa a kan mai shi!" Na ce masa ai dama in kana yi wa kowa, wata rana sai ka dace.

Aka kawo tire. Alhaji Bala ya yi bismillah ya sa hannu, ya ɓalle cinyar kazar, wadda kowa ya san tasa ce tun da aka fara zaman nan. Bai dube ni ba, yana ta ba Awudu amsa a kan kuɗin jirgi, ya turo ta gabana da yatsa biyu. Na cinye ta tas, ban ce masa na gode ba.